Yadda Ake Bin Sawun Jaridar Kurame da Ta Mutu da Wuri

A shekarar 1869, a wani ƙaramin gari mai suna Henniker da ke jihar New Hampshire ta Amurka, wasu kurame biyu, William B. Swett da William Martin Chamberlain, suka fara fitar da jarida wata-wata mai suna The Deaf-Mutes' Friend. Shekarar na ƙarewa, ita ma ta tsaya. Irinta suna da yawa a Amurka da Birtaniya da Faransa a ƙarni na 19: kurame su haɗa ɗan abin da ke hannunsu, su buga shekara ɗaya ko biyu ko uku, daga nan shiru. Duk da gajartar kwanansu, a cikinsu ne kurame suka rubuta labarin kansu da hannunsu, daga wanda ya yi aure, zuwa wanda ya sami aiki, zuwa wanda jirgin ƙasa ya buge yana tafiya a kan dogo, har da muhawarar da suke tafkawa kan makarantunsu. Kusan duk sauran takardun wancan zamani masu ji ne suka rubuta su a kan kurame. Shi ya sa ko fitowa ɗaya aka tsinta ta cancanci a zauna mata da kyau. Ga yadda aikin yake tafiya, da jaridar Henniker a matsayin misali.

Tantance wace jarida kake nema

Kafin ka je ko'ina, buɗe shafi ɗaya ka rubuta cikakken sunan jaridar kamar yadda yake a goshinta, garin da aka buga ta, sunan edita, sunan mai ita, sunan maɗaba'a, sau nawa take fitowa, kuɗin shekara, da ranar fitowar farko da ta ƙarshe. Kowanne ka sa inda ka samo shi a gefensa. Abin da ba ka gani da idonka a jikin jaridar ba, rubuta shi da fensir.

Suna yana yaudara ta hanya biyu. Akwai jaridar da ake zaton ta mutu alhali suna ta sauya. Wadda Charles Gorham ya fara a Leeds ta Ingila a 1889, The Deaf and Dumb Times, ta koma The Deaf Chronicle a 1891, sannan The British Deaf-Mute a 1892. Wanda ya tsaya a sunan farko zai rubuta cewa ta rasu tana shekara biyu. Akwai kuma jaridu biyu masu suna ɗaya: The Silent Worker ta makarantar kurame ta New Jersey ta fito daga 1888 zuwa 1929, sannan ƙungiyar kurame ta Amurka ta farfaɗo da sunan a 1948, har aka mayar da shi The Deaf American a 1964. Wurin bincike a kwamfuta kuma, sai ka yi amfani da kalmomin da mutanen zamanin suka kira kansu, wato deaf-mute, deaf and dumb, mute da silent, ko da yake an daina amfani da wasunsu yau. Ka gwada kowace da ɗan karan tsakiya da kuma babu shi, domin ma'aikatan laburare ba su bi ƙa'ida ɗaya ba.

Nemo fitowar, ka jera su

Ga jaridun Amurka, wurin farko shi ne ma'ajiyar tarihi ta Jami'ar Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washington. Sai laburaren American Antiquarian Society da ke Worcester ta jihar Massachusetts, wadda ta ƙware kan abin da aka buga a ƙasar har zuwa 1876. Sai gidan tarihin makarantar kurame ta Hartford, wadda aka buɗe a 1817, da ƙungiyoyin tarihi na jiha da na garin da jaridar ta fito. WorldCat, wato kundin intanet da ya haɗa abin da laburarori ke da shi, da jerin jaridun Amurka na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka za su nuna maka wane laburare ke da me. Amma idan an rubuta cewa suna da shekarar 1869, aika wasiƙa ka tambayi lambobin da ke hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa fitowa uku ce a cikin kwali, aka rubuta shekarar gaba ɗaya.

Ka zana jadawali, kowace fitowa da layinta: juzu'i, lamba, kwanan wata, yawan shafuka, girman takarda da santimita, sunayen da ke goshi, inda kwafin yake, da halin da yake ciki. Mai fitowa wata-wata tana da layi 12 a shekara, mai fitowa mako-mako 52. Ka bar layin fitowar da ba ka samu ba a buɗe, kada ka tsallake shi. Jadawalin nan shi zai fara ba ka labari tun kafin ka karanta komai. Za ka ga inda aka haɗa wata biyu a fitowa ɗaya, inda shafuka suka ragu, inda sunan maɗaba'a ya canza, inda sunan abokin tarayya ya ɓace daga goshi. Duk waɗannan alamun ciwo ne, kuma galibi sukan bayyana watanni kafin mutuwar.

A kula da kwafin da aka ɗinke ya zama kundi. Masu ɗinki sukan cire bangon kowace fitowa su yar, alhali a bangon ake sa talla da sanarwar kuɗi da sunayen wakilai. Sukan kuma datse gefen takarda, sai abin da mai jaridar ya rubuta da hannu ya tafi. Idan akwai kwafin da ba a ɗinke ba, ko a yage yake, nemi ganinsa. Haka hoton maikurofim, wato shafukan da aka ɗauka ƙanana a kan fim: daga kwafi ɗaya aka ɗauke shi, abin da ya ɓace a wannan kwafi ya ɓace a fim ɗin.

Karatu

Karanta ta duka, daga fitowar farko zuwa ta ƙarshe, bi da bi, kafin ka taɓa akwatin bincike. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto tana tuntuɓe a tsofaffin haruffa, tana haɗa layin wannan ginshiƙi da na wancan, kuma sunayen mutane ne suka fi shan wahala a hannunta. Fitowa 12 ba ta fi ƙarfin kwana biyu ko uku ba.

A karatu na biyu sai ka tsaya a wuraren da mai karatun gaggawa ke tsallakewa. Fitowar farko tana ɗauke da alƙawarin edita: wa ake rubuta wa, me ya sa yanzu, wace jarida ce ta gaza har ake buƙatar wannan. Kwafe shi kalma da kalma, domin da shi za ka auna duk abin da ya biyo baya. Sai ƙananan sanarwa na kusurwar shafi, inda ake gode wa waɗanda suka aiko kuɗi ana jera sunayensu da garuruwansu, da inda ake roƙon waɗanda ba su biya ba. Sai amsoshin edita ga masu aiko wasiƙa, waɗanda sau da yawa haruffan farkon suna kawai ake sawa. Sai labaran aure da haihuwa da rasuwa da sauya gari. Kowane suna ka yi masa kati ko layi a kwamfuta: suna, gari, sana'a, makarantar da ya yi, fitowa da shafi. Idan ka gama, ɗauki taswira ka sa ɗigo a kowane gari. Abin da zai fito maka shi ne ainihin yankin jaridar, wanda yakan bambanta da abin da sunanta ke faɗa. Jaridar kurame ko da a ƙauye aka buga ta, masu karatunta a warwatse suke, gidan waya ne ke haɗa su.

Ka riƙa tambayar kanka muryar wa kake karantawa. Da yawa daga editocin nan sun kurumce ne bayan sun iya magana, don haka Turanci ya zauna musu fiye da waɗanda aka haifa kurame, kuma su ke gyara wasiƙun kowa kafin a buga. A jaridar Henniker, labarin aikin da Swett ya yi na kafinta da ja-gorancin baƙi a tsaunukan White Mountains ya fito kashi-kashi da bakinsa, amma ta teburin Chamberlain ya bi. Mai rubuta tarihi ya kamata ya faɗi haka a fili, ya kuma kwatanta abin da ke cikin jaridar da ɗan littafin labarin Swett ɗin da aka buga daga baya, ya ga abin da aka ƙara ko aka rage. Ka kuma ware abin da aka rubuta domin jaridar daga abin da aka kwaso daga wasu jaridu don cike gurbi. Ƙirga ginshiƙan kowanne a kowace fitowa. In na aro yana ƙaruwa, wakilai sun fara gajiya ke nan.

Abin da maƙwabta suka ce

Editocin wancan zamani suna musayar jaridu kyauta, kowa yana tsakuro na ɗan'uwansa yana ambaton inda ya samo. Wannan al'ada ita ce babbar garkuwar mai bincike, domin fitowar da ta ɓace ƙurmus ana iya tsintar gutsattsarinta a cikin wata jarida. Ka duba wata uku kafin fitowar farko, inda ake sanar da zuwanta, da wata shida bayan ta ƙarshe, inda ake yi mata ta'aziyya ko gori. Mujallar malaman kurame, American Annals of the Deaf, wadda ta fara a 1847, takan ambaci sababbin jaridu, sai dai ta dakata daga 1861 zuwa 1868, don haka shirunta a waɗannan shekaru ba hujja ba ne. Kada ka manta da jaridar masu ji ta garin. Nan ake samun labarin gobarar maɗaba'a, ko gwanjon kayan wanda bashi ya ci. Kundin jaridun Amurka na Rowell, wanda ya fara fita a 1869, yana ba da yawan kwafin da ake bugawa, amma masu jaridu ne ke aika adadin da kansu, sai a ɗauke shi a matsayin iƙirari.

Bi mutanen

Jarida takan mutu, edita ya tashi da wata. Sunan Chamberlain yana jikin The Gallaudet Guide and Deaf-Mutes' Companion da ta fito a Boston daga 1860 zuwa 1862, yana jikin The National Deaf Mute Gazette ta 1867, sannan ga shi a Henniker a 1869. Idan ka jera ukun, za ka ga yunƙuri ɗaya ne ake ta sake ɗaura masa ɗamara. Henniker ma ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Garin Thomas Brown ne, kurman manomi, kawun Swett, wanda ya jagoranci taron karrama Thomas Gallaudet da Laurent Clerc, waɗanda suka kafa makarantar kurame ta Hartford, a garin Hartford a 1850, kuma a nan aka tsara ƙungiyar kurame ta yankin New England, wato arewa maso gabashin Amurka, a 1854. Wanda bai bi dangantakar nan ba zai yi ta mamakin yadda jarida ta tsiro a ƙauye.

Rahoton shekara-shekara na makarantun kurame yana jera ɗalibai da garuruwansu. Ƙidayar Amurka daga 1850 zuwa 1880 tana da sunayen mutane da gurbin da ake nuna mutum kurma ne, da sana'arsa. Ta 1870 ita ce mafi kusa da jaridar Henniker. Ta 1890 kuwa gobarar 1921 ta lalata mafi yawanta. Ka tuna mai ƙidaya yakan tambayi maƙwabci ko wani mai ji a gidan, shi ya sa ake samun suna a karkace, shekaru ba daidai ba, ko gurbin kurumta a wofi. Binciken Edward Allen Fay na 1898 kan auren kurame ya tattara aure 4,471, kuma yana taimakawa ƙwarai wajen gano matan da sunansu ya canza bayan aure. Matan nan su suka fi ɓacewa, alhali da yawansu suna aika labarai da waƙoƙi. Kada ka haɗa mutum biyu don sunansu ɗaya sai abu biyu aƙalla sun dace, kamar gari da shekarar shiga makaranta.

Me ya kashe ta

Nan ne aka fi yin kuskure, domin dalili mai daɗin faɗa yana da saurin zuwa. The Gallaudet Guide ta tsaya a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, lokacin da takarda ta yi tsada. Da sauƙi mutum ya rubuta cewa yaƙi ne ya kashe ta. Mai yiwuwa ne, amma zuwan abu biyu a shekara ɗaya bai isa hujja ba. Sai ka samo inda edita ya koka da tsadar takarda, ko rahoton ma'ajin ƙungiya, ko wasiƙa.

Yi lissafi da abin da ke hannunka. Tara duk kuɗin da aka yi godiyarsu a shafuka, wata-wata. Ƙirga tallace-tallace, ka ware na gida, wato na edita da 'yan'uwansa da littattafan da jaridar ke sayarwa, domin waɗannan ba sa kawo ko sisi. Sannan nemi farashin bugu na wannan yanki a wannan shekara daga tallan maɗaba'u. A ƙaddara, don misali kawai, mutum 400 sun yi rajista a kan dala ɗaya, rabinsu suka biya, bugu da aikawa kuma suna cin dala 25 a wata. An sami 200, an kashe 300, edita bai ɗauki komai ba. Irin wannan giɓi daga aljihun mutum ɗaya yake fita, kuma mai sana'ar hannu ba ya jure shi shekara biyu.

Matsalolin da ke maimaituwa sanannu ne. Kurame masu karatu kaɗan ne kuma a warwatse, don haka ɗan kasuwar gari ba ya ganin ribar talla. Ana aika jarida bashi da fatan za a biya. Wakili ya karɓi kuɗi a wani gari ya makara wajen aikowa. Aikin duka yana wuyan mutum ɗaya da ke yin sa da dare bayan ya tashi daga wurin neman abinci, ranar da ya kwanta ciwo ko ya sami aiki a wani gari, shi ke nan. Sai saɓani tsakanin abokan tarayya ko cikin ƙungiya. Kwatanta wannan da jaridun makarantu, irin wadda makarantar Ohio ta fara a 1868 ta kuma daɗe ƙwarai: injin na makaranta ne, ɗalibai masu koyon aikin ɗab'i ke jera haruffa, malami ke edita. Tsawon ransu daga nan yake, kuma farashinsa shi ne sai abin da shugaban makaranta ya yarda ake bugawa. Masu zaman kansu sun fi 'yancin baki, sun fi saurin mutuwa. Idan ka zo rubutawa, ware abin da takarda ta tabbatar daga abin da ka hango, ka gaya wa mai karatu wanne ne wanne.

Idan masu ita suna raye

Jaridar da ta fito shekara talatin ko hamsin da suka wuce tana da shaidu, kuma hira da su sai da bidiyo, domin rikodin murya muryar tafinta kawai zai kama. Mafi kyau kurma ya yi tambayoyin. Kafa kyamara a kan ƙafafunta, ta kama daga ƙugu zuwa tafi ɗaya sama da kai, da sarari a gefe biyu don kada hannu ya fita. Haske ya zo daga gaba, kada taga ta kasance a bayan mai magana, bango ya zama launi ɗaya. Sa kyamarar ta ɗauki hoto 50 ko 60 a daƙiƙa, in ba haka ba yatsu za su dusashe lokacin da ake harhaɗa suna. Kyamara ta biyu ta kama mai tambaya. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa zama guda. Kai masa kwafin jaridar, amma ka bar shi ya gama dubawa ya ajiye kafin ka yi tambaya, tun da ido da hannun da zai karanta da su, da su zai amsa. Tambayi sunan hannu na kowane mutum, wato alamar da kurame ke kiransa da ita, tare da sunansa na takarda, domin dattijo kan tuna na farko ya manta na biyu. Bayanin izini a yi shi da maganar hannu a gaban kyamara, sannan a sa hannu a takarda.

Wannan sashe ya shafe mu kai tsaye. Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya gama Gallaudet a 1954, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957 da Ibadan a 1960, kuma ta wannan hanya maganar hannun Amurka ta shigo makarantunmu, ta tarar da tamu ta gargajiya. Duk wata 'yar takardar labarai da tsofaffin ɗalibai ko ƙungiyar kurame suka taɓa bugawa, da wuya a same ta a laburare. A akwatin tsohon sakatare za a neme ta, ko ofishin makaranta, kafin gara da ruwan damina su riga mu.

Adanawa

Takardar da aka yi da tsumma, irin ta kafin shekarun 1870, takan fi ta bayanta ƙarko, domin wadda aka yi da niƙaƙƙen itace tana da sinadarin da ke sa ta ja ta riƙa karyewa. Wanke hannu ka busar. Cire duk ƙarfen da aka maƙala, yana tsatsa ya ci takarda. Kada ka sa salatif, kada ka liƙe da leda mai zafi, ba a warware su. Shimfiɗa kowace fitowa a kwance cikin fayil marar asid, a ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 21 ba idan da hali, da danshi tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, a kan kantar ajiya, nesa da ƙasa da bangon waje.

Ɗauki hoton kowane shafi har da bango da shafin da babu rubutu, mai launi, a ɗigo 400 kowane inci, a tsarin TIFF, gefen takarda yana bayyane. Shafi mai girman A4 zai ci kusan megabait 46, ka shirya wurin ajiya tun da wuri. Kada ka tura tsohuwar takarda cikin na'urar da ke jan shafi da kanta. In waya ce kawai a hannu, ɗaure ta a sama daidai tsakiyar shafi, fitila biyu a gefe, ruli a kusa. Sunan kowane hoto ya fara da shekara, wata, rana, sannan lambar shafi, don su jeru da kansu. Yi kwafi uku a wuri biyu daban. Ɗaya daga ciki, tare da jadawalin da jerin sunayen da bidiyon, ka miƙa shi ga ƙungiyar kurame ko makarantar yankin da jaridar ta fito, ka kuma tsara ranar da za a gabatar musu da sakamakon da maganar hannu, domin a wannan zama ne ake gyara sunayen da ka karanta ba daidai ba, kuma nan ne wani kan tuna cewa lambar da ta ɓace tana gidan wane.